Arsenayit: Gubar da Ke Ɓuya Cikin Ruwa Garai-garai



An nemi in yi magana a kan arsenayit, yadda yake a ilimin kimiyyar sinadarai da kuma yadda yake kisa. Abin da nake so in kafa a yau shi ne haɗarin arsenik bai tsaya ga yawansa kaɗai ba. Ya danganta ƙwarai da sifar da ya zo da ita, kuma abin da ke yanke masa sifa shi ne ko akwai iskar oksijin a inda yake ko babu. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin da ya sa rijiya biyu a gida ɗaya, ɗaya ta zama lafiyayya ɗaya ta zama ajali.

Arsenik shi ne na 33 a jadawalin sinadarai, yana zaune daidai ƙarƙashin fosforas, kuma ba baƙo ba ne a doron ƙasa. Kilo ɗaya na dutse, in aka yi kuɗin goro, yana ɗauke da kimanin miligiram 2. Idan ya narke cikin ruwa yakan fito da ɗaya daga sifofi biyu. A inda iska ta wadata, kamar kogi ko tafki, yana zama arsenet, wato mai mataki na 5, da ƙwayoyin oksijin huɗu kewaye da shi. A inda iska ta ƙare, kamar can ƙarƙashin laka, yana komawa arsenayit, mai mataki na 3, da oksijin uku. Bambancin ilektiron biyu ne kacal, amma halayensu sun yi hannun riga.

A ruwan sha na yau da kullum, wanda ma'aunin pH ɗinsa ke kusa da 7, arsenet ya riga ya saki haidurojin ɗinsa ɗaya ko biyu, don haka yana ɗauke da caji. Abu mai caji yana da sauƙin kamawa: laka tana riƙe shi, alam yana janyo shi ƙasa, tsatsar ƙarfe tana manne masa. Arsenayit kuwa ba ya fara sakin haidurojinsa sai pH ya kai wajen 9.2. A ruwan da muke sha, ba shi da caji ko kaɗan. Tsatsa tana iya kama shi, amma alam da matatun da ke dogara da caji sai ya wuce su salin-alin. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano.

Wannan rashin cajin ne kuma ke buɗe masa hanya a cikin jiki. Kowace ƙwayar halitta tana da ganuwa, kuma a jikin ganuwar akwai ƙofofi na musamman da ake kira akwagiliseroforin, waɗanda aikinsu shigar da ruwa da giliserol. Arsenayit ƙarami ne, ba shi da caji, yana da hannuwa uku na oksijin da haidurojin kamar yadda giliserol yake da su. Sai ƙofar ta ɗauke shi a matsayin ɗan gida. A 2002 Barry Rosen da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa ƙofofin nan biyu, ta 7 da ta 9, suna shigar da shi, kuma ta 9 ɗin tana da yawa a hanta.

Da ya shiga me yake yi? A nan nake so mu ɗan zauna.

Arsenayit yana da kwaɗayin farar wuta. Sunadaran jikinmu da yawa suna da ƙwayoyin farar wuta a wuraren da aikinsu ya rataya a kai, kuma duk inda ya iske su sai ya yar da oksijin ɗinsa ya kama su. Idan ƙwaya ɗaya ce, riƙon ba ya da ƙarfi, jiki yana iya ɓamɓare shi. Matsalar ita ce inda guda biyu suke dab da juna. A cikin maitokondiriya, inda ake juya abinci ya zama kuzari, akwai wani enzayim da ke karɓar abin da ya rage bayan an fasa sukari, ya miƙa shi gaba inda za a ƙone shi da oksijin. Wannan enzayim yana aiki da wani dogon hannu mai lilo, asid na lipoyik, wanda ke da farar wuta biyu a ƙarshensa, yana ɗauko kaya daga nan ya sauke can. Arsenayit yana kama su biyun a lokaci guda, ya rufe zobe, tamkar an buga wa ɗan dako ankwa. Hannun yana nan, kaya suna nan, amma aiki ya tsaya. Mutum ya ci ya ƙoshi, yana numfashi, ƙwayoyin jikinsa kuwa suna mutuwa da yunwar kuzari. Gaɓoɓin da suka fi buƙatar kuzari su ke fara jin jiki: hanji, zuciya, jijiyoyi.

Arsenet shi ma ba kanwar lasa ba ne. Yana yin sojan gona a matsayin fosfet, ya shiga inda ake ƙera ATP mai ɗauke da kuzarin jiki, ya ba da haɗin da ke rushewa nan take. Amma arsenayit ya fi shi dafi ninki da yawa, kuma babban rabon arsenet ɗin da mutum ya haɗiya, jiki da kansa ke mayar da shi arsenayit.

Wanda ya sha da yawa a tashi ɗaya, cikin awa ɗaya ko biyu sai amai, da murɗar ciki, da gudawa tsararo kamar ruwan wankin shinkafa. Jini ya faɗi, bugun zuciya ya rikice. Abin da bai kai sulusin giram ɗaya ba na farin arsenik, garin da ke zama arsenayit idan ya narke, ya isa ya kashe baligi. Wanda ya tsira da ƙyar, bayan 'yan makonni sai ƙafafu da hannuwa su fara zugi da mutuwa, fararen layuka su gitta a farce. Ku lura da yadda alamomin farko suka yi kama da kwalara. Wannan kamannin ne ya ba masu mugun nufi mafaka na ɗaruruwan shekaru a Turai, har Faransawa suka riƙa yi wa farin arsenik laƙabi da garin cin gado. Sai a 1836 wani masanin sinadarai a Ingila, James Marsh, ya fito da gwajin da ya karya lagon abin. Ana zuba asid da tutiya a kan abin da ake zargi, arsenik ya tashi a matsayin iska, a ƙona iskar a tara farantin tangaran mai sanyi, sai baƙin tabo mai sheƙi ya kwanta a kai. A 1840, a shari'ar Marie Lafarge da aka tuhuma da kashe mijinta a Faransa, wannan gwajin ne ya zama babbar shaida a gaban kotu.

Sai dai masu kisa da gangan ba su ne suka fi ɓarna ba. Sakaci ya fi su. A 1775 Carl Scheele ya haɗa wani kore mai kyan gani daga arsenayit da tagulla, aka riƙa rina tufafi da shi, da takardun ado na bangon ɗaki, har da kayan wasan yara. Dokar Ingila ta 1851 ta ce a gauraya farin arsenik da kunkunniya ko baba kafin a sayar wa jama'a, don kada a ɗauka gari ne. Duk da haka a 1858, a garin Bradford, aka ɗebo shi daga ganga bisa kuskure aka kwaɓa alewa da shi. Fiye da mutum 200 suka kwanta, kimanin 20 suka mutu.

Maganin gubar ya fito ne daga fahimtar wancan zoben. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila tana fargabar a yi amfani da wani makamin guba mai arsenik da ake kira luwisayit. Rudolph Peters da mutanensa a Jami'ar Oxford suka yi tunani mai sauƙi: tunda abin da yake so farar wuta biyu ne a jere, a ba shi wasu biyun da suka fi masa daɗin kamawa. Suka haɗa daimakafurol, wanda ke ƙwace arsenik daga jikin enzayim ya fita da shi ta fitsari. Har yau shi da ƙannensa, DMSA da DMPS, ake bai wa wanda ya sha gubar. Suna aiki idan an yi hanzari. Ga wanda ya shekara goma yana sha kaɗan-kaɗan, amfaninsu bai taka kara ya karya ba.

Jiki yana da nasa ƙoƙarin. Hanta tana liƙa wa arsenayit ƙwayoyin metil, ɗaya sannan biyu, ƙoda ta fitar da shi, kuma mafi yawansa yana barin jiki cikin 'yan kwanaki. An daɗe ana koyar da cewa wannan kashe dafi ne tsantsa, har sai da aka gano a wajen 2000 cewa abin da ake samu a tsakiyar hanya, mai metil ɗaya a mataki na 3, ya fi arsenayit ɗin kansa dafi. Mutane kuma ba ɗaya suke ba wajen kammala aikin. A San Antonio de los Cobres, can kan tsaunukan Andes a Ajantina, inda aka yi dubban shekaru ana shan ruwa mai arsenik, yawancin mazauna sun gaji wani nau'in ƙwayar gado da ke sa hantarsu ta gama aikin da sauri. Game da ciwon daji kuwa, arsenayit ba ya cika sarar DNA kai tsaye. Abin da yake yi shi ne ya kori tutiya daga sunadaran da ke gyara DNA, domin ita ma farar wuta ce ke riƙe da ita. Ɓarnar da rana ko hayaƙin taba suka yi sai ta zauna babu mai gyara.

Kada a ce na yi masa rashin adalci. Wannan kwaɗayin nasa ya zama magani a hannun masu sani. A shekarun 1970 likita Zhang Tingdong a Harbin ta ƙasar Sin ya ga cewa farin arsenik yana warkar da wani nau'in sankarar jini da ake kira APL. Daga baya aka gane cewa yana kama farar wutar gurɓataccen sunadarin da ke haddasa cutar, ya sa ƙwayar halitta ta rushe shi. Amurka ta amince da maganin a 2000, kuma idan aka haɗa shi da wani magani ɗan dangin bitamin A, fiye da 90 cikin 100 na masu cutar da ba ta yi tsanani ba suna warkewa. Mu ma nan mun san magungunan arsenik. Da su aka yaƙi ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa: tiraifasamaid a zamanin da aka yi aikin yaƙi da cutar a Anchau aka gina garin Takalafiya, sannan melasofurol daga 1949. Na biyun yana ceton wanda cutar ta hau wa ƙwaƙwalwa, amma shi kansa yana kashe kimanin mutum 5 cikin 100 da aka yi wa allurarsa.

Yanzu mu je Bangaladesh, domin a can ne wannan darasi ya fito da girmansa.

A shekarun 1970 jama'ar ƙasar suna shan ruwan kududdufi da kogi, kwalara da gudawa suna kwashe yara ba adadi. Gwamnati, da taimakon UNICEF, ta shiga haƙa rijiyoyin tuƙa-tuƙa. Ƙasar yashi ce da laka, haƙa ba wuya, don haka magidanta suka ci gaba da haƙa nasu da kuɗinsu har rijiyoyin suka kai miliyoyi. Ruwa ya fito sanyi ƙalau, babu ƙwayar cuta. An gwada shi, amma ba a nemi arsenik ba, saboda a lokacin masana sun saba neman sa ne kusa da ma'adinai da duwatsu masu aman wuta, ba a fadamar kogi ba.

A 1983 wani likitan fata a Kalkata ta Indiya, K. C. Saha, ya fara ganin marasa lafiya daga ƙauyukan Bengal ta Yamma da wata irin fata. Ƙirji da baya sun yi ɗige-ɗigen baƙi da fari, kamar an yayyafa ruwa a kan ƙura. Tafin hannu da tafin ƙafa sun yi kanta, da ƙananan ƙulluluwa masu tauri da ke tsagewa, har manomi ya kasa riƙe ƙota, mace ta kasa taka ƙasa ba takalmi. Ya gane arsenik ne, ya bi sawu har rijiya. Dipankar Chakraborti na Jami'ar Jadavpur ya kwashe shekaru yana bin ƙauyuka da kwalabe yana faɗakarwa. Sai a 1993 aka tabbatar da abin a Bangaladesh, a Chapai Nawabganj. Binciken da hukumar nazarin ƙasa ta Birtaniya da ma'aikatar ruwan Bangaladesh suka yi a 1998 da 1999, a rijiyoyi kimanin 3,500, ya nuna cewa 27 cikin 100 na marasa zurfi sun haura maikurogiram 50 a lita, wanda shi ne iyakar ƙasar, 46 cikin 100 kuma sun haura maikurogiram 10, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tun 1993. Don ku ga ƙanƙantar abin, maikurogiram 10 a lita daidai yake da giram ɗaya cikin lita 100,000, wato cikin tanka uku masu lita 33,000. A 2000 Allan Smith da abokan aikinsa suka ƙiyasta mutum miliyan 35 zuwa 77 na cikin haɗari, suka kuma bayyana shi a matsayin gubar da ta fi kowacce kama jama'a a tarihi.

Wa ya zuba? Babu kowa. Kogunan Ganges da Brahmaputra sun kwashe dubban shekaru suna kwaso ɓarɓashin duwatsun Himalaya, kowace ƙwayar yashi lulluɓe da tsatsa, tsatsar kuma riƙe da arsenik. Muddin akwai iska, yana nan a ɗaure. Amma yashin ya binne tare da ruɓaɓɓun ganyaye da ciyayi. Ƙwayoyin bakteriya suka ci ruɓaɓɓen, suka cinye oksijin ɗin da ke wurin, da ya ƙare sai suka koma numfashi da tsatsar kanta. Tsatsa ta narke, arsenik ya kuɓuta, kuma a wurin da babu iska sifar da yake ɗauka ita ce arsenayit. Bututu ya sauka mita 20 ko 50, ya iske shi yana jira.

Na sha jin ana cewa an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ban yarda da wannan hukuncin baki ɗaya ba. Rijiyoyin sun taimaka wajen rage mutuwar yara, kuma duk wanda ya ce a koma kududdufi bai taɓa ganin yaro mai kwalara ba. Laifin ba na haƙa rijiya ba ne. Laifin shi ne ɗaukar cewa ruwan da ba shi da ƙwayar cuta ba shi da komai, sannan jan ƙafar shekara goma tsakanin ganin likita Saha da tabbatarwa a ƙetaren iyaka, alhali yashi ɗaya ne, kogi ɗaya ne.

Kuma tabon fata ɗan ƙaramin ɓangare ne na ɓarnar. Yakan fito bayan shekara biyar zuwa goma, kuma da yawa ba ya fito musu sam. Waɗanda ya fito wa, musamman mata, sun sha tsangwama, ana ɗauka kuturta ce, har aure ya mutu, alhali abin ba ya yaɗuwa. Babbar asarar tana ciki: sankarar fata, ta huhu, ta mafitsara, da ciwon zuciya. Binciken da ya bi mutum kusan 12,000 a Araihazar, wanda aka buga a 2010, ya danganta kimanin mutuwa ɗaya cikin biyar a tsakaninsu da ruwan da ya haura maikurogiram 10. Birnin Antofagasta na ƙasar Chile ya nuna tsawon bashin. Daga 1958 zuwa 1970 mazauna birnin sun sha ruwa mai fiye da maikurogiram 800 a lita, sannan aka gina matata. Shekara 40 bayan haka, sankarar huhu da ta mafitsara ba su daina yi musu yawa ba.

Shinkafa ma ta shigo ciki. Ana nomanta cikin ruwa kwance, inda iska ba ta kai wa saiwa, kuma ƙofar da take zuƙar silika da ita tana shigar da arsenayit. Shi ya sa ta fi alkama da masara tara shi. Dafa ta cikin ruwa mai yawa a tsiyaye yana rage wani kaso, in dai ruwan kansa mai kyau ne.

Me aka yi a Bangaladesh? An gwada rijiyoyi kusan miliyan 5 a farkon shekarun 2000, aka shafa wa bakin famfo fenti: kore a sha, ja a yi wanki kawai. Abin gwajin jikan na Marsh ne, ana tayar da iskar arsenik ta taɓa wata 'yar takarda, takardar ta rine daga rawaya zuwa ruwan ƙasa gwargwadon yawansa. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne a Araihazar an iske kusan 90 cikin 100 na jama'a suna zaune ƙasa da mita 100 daga lafiyayyar rijiya. Sauya rijiya kawai ya fi yawancin na'urori tasiri. Rijiyoyin da suka zarce mita 150 su ma galibi lafiya lau suke. Tafasa ruwa kuwa ba ya komai, sai ma ya ƙara kaurin gubar tunda ruwan ne ke ƙonewa. Mai son tacewa dole ya fara mayar da arsenayit arsenet da kulorin ko makamancinsa, domin iska kaɗai tana da nawa, sannan ya kama shi da ƙarfe ko alam. Abul Hussam, ɗan Bangaladesh da ke koyarwa a Amurka, ya ƙera matatar bokiti mai yashi da ƙarfe wadda ta ci kyautar dala miliyan ɗaya a 2007.

Ina ruwanmu? Akwai. A arewacin Burkina Faso, wajen Wahiguya, an sami rijiyoyin burtsatse da arsenik ɗinsu ya haura maikurogiram 1,600 a lita, da mutane masu irin wancan tabon. A can hanyar daban ce. Duwatsun masu zinare ne, kuma zinare yakan zauna tare da wani ma'adini na ƙarfe da farar wuta da arsenik, wanda iska ce ke narkar da shi, don haka mafi yawan abin da ke ruwan arsenet ne. Mun dai ga abin da jiki ke mayar da shi. A Obuasi ta Gana ma, shekarun da aka yi ana gasa irin wannan dutsen don fitar da zinare sun bar arsenik a ƙasa da rafuka. Irin waɗannan duwatsun sun miƙe har Liptako a yammacin Nijar. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 mun san dutsen zinare ba ya zuwa shi kaɗai.

Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta sa iyakar arsenik a maikurogiram 10 a lita. Ga ɗalibanmu da za su ɗebo ruwa don gwaji, ku tuƙa famfon na wasu mintuna kafin ku tara, don ku sami ruwan ƙasa ba wanda ya kwana a bututu ba. Ku tace, ku ɗiga asid a kwalbar, in ba haka ba tsatsa za ta kwanta a gindi ta tafi da arsenik ɗin, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Idan kuna son raba arsenayit da arsenet, a bakin rijiyar za ku yi, kafin sifar ta sauya a hanya. Idan fitsari za ku gwada, ku tambayi mutumin ko ya ci kifin teku a kwanakin, domin kifi yana ɗauke da wani nau'in arsenik marar dafi da ke kumbura lissafi. Kowace rijiya kuma a gwada ta da kanta, a rubuta lambarta da zurfinta, domin sakamakon ta maƙwabci bai shafe ta ba.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.